Na Ce Masa Na Gwada

Assalamu alaikum, masu biyo ni a wannan shafi. Na ga saƙonninku. Wasu na tambayar ko an sa rana, wasu na cewa ɗinki ne ya ɓoye ni. Ba ɗinki ba ne, kunya ce ta hana ni rubutu. Yau zan faɗa muku abin da na yi ba tare da kwaskwarima ba. Wadda ta ga dama ta zage ni a ƙasa, ba zan goge ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Bashira, 'yar Malam Ja'afar ce ni, gidanmu na Gagulmari a Haɗejiya. Harkar lantarki na karanta a foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, na gama bautar ƙasa bara, ina gida ina jiran aiki. Wanda nake so sunansa Abdulmannan. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ɗan shago kusa da tasha, kuma har mun kai matakin da kawunnansa za su zo wurin Abba a sa rana.

Sai kun yi haƙuri in ɗan yi muku bayanin aikina, in ba haka ba ba za ku gane girman laifina ba. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas, bai fi ƙwayar wake ba, masu gyara suna ce masa ai-si. A cikinsa aka rubuta abin da kwamfuta ke fara karantawa idan an kunna ta. In rubutun ya lalace, ko aka kulle shi da lambar sirri, kwamfutar ta zama faranti. Maganin shi ne a goge a sake rubutawa, abin da ake kira filashin, kamar dai yadda ake yi wa waya. Na'urar da ke wannan aiki daga waje ake kawo ta, kuma masu ƙera ta sun ɓoye zanenta, in ta lalace sai dai a jefar.

Tun ina foli abin ke ba ni haushi. Sai na zauna na zana tawa, wadda duk mai iya riƙe dalma zai haɗa da kayan da ake samu a kasuwa. Na sa mata suna Ƙaguwa, saboda ɗan bakin da ke cafke ƙafafun ai-si ɗin. Na ɗora zanen a intanet a buɗe, kowa ya sauke, ya haɗa, ya gyara, ya ƙara, ba sai ya nemi izinina ba. Ban sa sunana ba, 'Yar Fadama na rubuta.

Ta nan muka haɗu da Abdulmannan. Ya sauke zanen, ya rubuto tambaya da Hausa, a ƙarshe ya sa "daga Haɗejiya". Wata biyu muna musayar saƙo yana ce min Malama, bai san tafiyar minti goma ce tsakaninmu ba.

A gida kuwa ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Umma kullum cewa take, "Budurwa tana warin dalma maimakon turare. Ki kwashe min wayoyin nan daga kan gado." Abba dai murmushi yake yi ya wuce gonarsa ta shinkafa a fadama.

Mutum ɗaya ce ta rage ba ta saki jiki da maganar aurenmu ba, Goggo Kulu, ƙanwar Abba. Ita ce shugabar wata makarantar 'yan mata ta al'umma a Kafin Hausa, kuma Abba ba ya yanke magana a kan 'ya'yansa mata sai ya ji ta bakinta. Ba ta taɓa kiran Abdulmannan da sunansa ba, "mai gyaran rediyon nan" take ce masa.

Farkon bazarar nan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo wa makarantarta laftof ashirin da huɗu, na hannu, daga waje. Da aka kunna, duka a kulle suke da lambar sirrin wurin da suka baro. Ga 'yan aji shida su casa'in da shida, saura mako biyar su rubuta jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta, kuma yawancinsu ba su taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Goggo ta kira Abba tana ƙorafi, ina gefe ina yanka kuɓewa. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Goggo, Abdulmannan zai iya buɗe su. Yini ɗaya ya ishe shi."

"Kin tabbata? Kayan amana ne fa, ko kwamiti ban sanar ba tukuna."

"Na tabbata, Goggo."

Ni na kai shi. Ku riƙe wannan. So nake ta gan shi yana aiki, ta daina kiransa mai gyaran rediyo.

Yawancin ai-si wutar bolt uku da ɗigo uku suke ci. Amma na sababbin laftof, siraran nan, ɗaya da ɗigo takwas suke ɗauka, in ta wuce haka sai ta bi ta ƙona ƙwaƙwalwar kwamfutar. Don haka a Ƙaguwa ta biyu na ƙara maɓalli na rage wuta. Na haɗa, na tura maɓallin ƙasa, na auna ƙafar da ke ba da wuta, mitar awon wuta ta nuna ɗaya da ɗigo takwas. Na ɗauki hoto ina murna, na ɗora. Sauran ƙafafun, waɗanda rubutun ke bi ta cikinsu, ban auna ba.

Ranar Talata muna shagon tela ni da Umma, an baza wani leshi ruwan zuma da zan sa ranar zuwan kawunnansa, Umma na faɗa a kan wuyan rigar ya yi faɗi, wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga shafin Ƙaguwa.

"Salam Malama 'Yar Fadama. Sunana Nu'uman, mai gyara ne a Damagaram. Na haɗa Ƙaguwa ta biyu, Allah ya saka da alheri. Sai dai na auna, ko an tura maɓalli ƙasa, ƙafa ta biyar da ta shida suna nan a uku da ɗigo uku. Wataƙila mitata ce ba daidai ba. Don Allah ki duba kafin wani ya ɗora ta a kan sabuwar kwamfuta."

Na karanta sau biyu. Sai na kama jimlar da ta yi min daɗi na riƙe, ai shi da kansa ya ce wataƙila mitarsa ce. Tela na cewa in ɗaga hannu ya auna, na kashe fuskar wayar na jefa a jaka. Na ce gobe zan duba.

Gobe ta zo, ban duba ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar Abdulmannan ya zo hira. Farar shadda ya sa, da hula zanna mai ruwan ƙasa, ya riƙo ledar kankana ta Umma. Muka zauna a zaure, shi a kan benci, ni a kan kujerar roba, na ja mayafina na rufe yatsuna da suka sha ƙunar dalma. Ya fito da tasa Ƙaguwar daga aljihu, ya yi mata gida da bututun roba, har ya rubuta sunan a jiki da jan fenti.

"Na nuna wa Hajiyarmu," ya ce. "Na ce mata wannan surukarki ce ta zana. Ta juya ta, ta juya, ta ce to Allah ya sa ta iya miyar kuka ma."

Na yi dariya. Shi ma ya yi, sannan ya gyara zama.

"Goggo ta turo min hotunan laftof ɗin. Akwai siraran nan a ciki, masu ƙaramar wuta. Ni ban taɓa amfani da maɓallin ba. Kin gwada ɓangaren nan sosai ko?"

Jama'a, saƙon Nu'uman na cikin wayar da ke kan cinyata. Abin da ya rage kawai in buɗe in miƙa masa. Amma yana kallona da idon nan na wanda ya gama nuna ni ga mahaifiyarsa. Na tuna in na ce ban tabbata ba, aikin Asabar ya fasa, Goggo ta ce dama ta faɗa. Na ce a raina gobe Juma'a zan auna, in da matsala sai in kira shi.

"Na gwada," na ce.

"Shi ke nan, hankalina ya kwanta." Ya mayar da ita aljihu.

Ranar Juma'a na ɗauko mita har sau biyu ina ajiyewa. Zan iya ce muku baƙi ne suka cika gida, kuma da gaske an yi baƙi. Amma aikin minti biyar ne. Tsoron lambar da zan gani nake yi.

Asabar da hantsi saƙonsa ya fara shigowa.

"Mun iso. Goggo ta ba ni ofishin malamai, har da shayi."

Can kuma, "Biyun farko sun tashi lafiya lau. Bari in jera sauran in yi musu gaba ɗaya." Ya haɗo da hoto, ga laftof a kunne, ga kawunan 'yan mata cikin fararen hijabai sun cika taga suna leƙe.

Na yi ajiyar zuciya, na ce ashe mitar Nu'uman ce. Ban tsaya na lura cewa biyun nan masu kauri ne ba, tsofaffin samfuri. Na tashi na taya Umma gyaran tarwaɗa har da 'yar waƙata.

Bayan azahar wayar ta yi ƙara, hannuna duk sabulu.

"Bashira, tara sun ƙi tashi."

Kafin in amsa wani ya shigo. "Siraran ne duka. Ko fitila ba sa kawowa."

Na zauna a bakin rijiya. Na rubuta "innalillahi", na goge. Na rubuta "laifina ne", na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne, "Ka sake gwada cajarsu."

Washegari da rana Goggo ta dira a gidanmu. Koriyar atamfa ce a jikinta, ta yafa babban mayafi, tabarau a kan hanci, ko ruwa ba ta karɓa ba ta ce a kira mata Yaya. Aka zauna a falo, Abba a kujerarsa, Umma a ƙasa kan darduma. Ni aka sa kawo zoɓo. Na ajiye tire, na rakuɓe a bakin ƙofa.

"Yaya, yaron nan ya kashe min kwamfuta tara," Goggo ta ce. "Shugabar tsofaffin ɗalibai ta kira ni sau uku. Kwamiti na tambayar wa ya ba ni izinin kiran mai gyara. Yara casa'in da shida a kan sha biyar, ka lissafa minti nawa kowacce za ta samu kafin jarrabawa. Akwai wata Adila, 'yar masunta ce daga wajen Baturiya, ita ce ta ɗaya a ajin, likita take so ta zama. Ta zo ta tsaya a kaina tana tambaya ko tata na cikin waɗanda suka mutu, don har ta liƙa wa ɗaya suna."

"Shi me ya ce?" Abba ya tambaya.

"Me zai ce? Ya durƙusa a gaban malamai ya ce laifinsa ne. Ya kwashe su ya tafi wai zai duba."

Umma ta ce, "Ni dama harkar wayoyin nan ba ta taɓa kwanta min ba."

Sai Goggo ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau. "Ke da kika karanci abin, faɗa min. Laifin na'urar ne ko na hannunsa?"

Ba ta san na'urar tawa ce ba. Ba wanda ya sani a falon. Na kalli zanen dardumar.

"Ban sani ba, Goggo."

Abba ya gyara zama. Shekara talatin ya yi yana aikin buɗe ƙofofin ruwa na noman rani kafin ya yi ritaya, mutum ne da ba ya son a yi abu da ka.

"Ban ce yaron mugu ba ne," ya ce. "Amma mutumin da zai yi wa abu tara aiki a jere bai tsaya ya duba na farko ba, ina so in ƙara saninsa kafin in ba shi 'ya. Zan kira kawunsa in ce su dakata da zuwan nan."

Ya kalle ni, yana jiran ko zan yi kuka ko in roƙa. Na tashi na kwashe kofunan da ba wanda ya taɓa.

Litinin da safe na kulle ɗaki, na ɗauko Ƙaguwata da mita. Na tura maɓalli ƙasa, na sa ta aiki, na ɗora tsinken mita a ƙafa ta biyar. Uku da ɗigo uku. Ta shida, uku da ɗigo uku. Na buɗe zanen, cikin minti goma na ga wurin. Layi ɗaya ne na haɗa inda bai kamata ba.

Za ku ce to daga nan na kira shi. Ban kira ba. Kwana biyu na ƙara ina yawo a gida kamar marar lafiya. Shi kuwa saƙonsa bai fasa zuwa ba. "Kin tashi lafiya?" "Kawu ya faɗa min maganar Abba. Kada ki damu, yana da gaskiya." "Ki ci abinci." Kowanne in na karanta sai in kifa wayar.

Ranar Laraba Umma ta aike ni kasuwar kifi. Na sa dogon hijabi ruwan toka, na hau adaidaita, na ce a sauke ni a tasha.

Shagon a buɗe yake amma ya ja labule rabi. Ga laftof taran nan a jere a kan kanta, an buɗe cikinsu. Shi yana zaune ya sunkuya a kan tebur, rigar aiki duk ta yamutse, idonsa ya faɗa. Da ya gan ni ya miƙe da sauri ya kakkaɓe min kujera.

"Ba ki ce za ki zo ba. Ki yi haƙuri da wurin."

A gabansa na ga Ƙaguwarsa, ya fasa gidan robar, ya warware ta ɗaya bayan ɗaya.

"Me kake yi mata?"

"Na gano abin da ya kashe su," ya ce. "Ƙafa biyu ba sa rage wuta. To na san zanenki ba shi da matsala tunda kin gwada, don haka ni ne na liƙa wani abu ba daidai ba. Sau uku ina warwarewa ina sake haɗawa, abin na nan. Na rasa inda hannuna ke kuskurewa. Ko za ki duba min? Idonki ya fi nawa."

Ya miƙo min ita da hannu biyu. Kwana huɗu ya yi yana tuhumar hannunsa, bai taɓa kawo wa ransa ya tuhume ni ba.

Ban karɓa ba. Na buɗe jaka, na fito da waya, na nemo saƙon Nu'uman, na ajiye a gabansa.

Ya karanta a tsaye. Na ga lokacin da idonsa ya koma sama ya tsaya a kan kwanan watan. Ya zauna a hankali.

"Talata," ya ce.

"Eh."

"Ni kuma Alhamis na zo."

"Eh."

Wata babbar mota ta wuce, labulen ya motsa. Na jira ya ɗaga murya, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ture wayar zuwa gabana.

"Mutum nawa suka sauke zanen nan?"

"Sun haura arba'in."

"Kuma har yanzu yana nan a shafin?"

Na sunkuyar da kai. Duk kwanakin nan kaina kawai nake tunani da shi da Abba. Ban tuna akwai wani a Gashuwa ko Maraɗi da zai iya ɗora ta a kan kwamfutar mutane yau ɗin nan ba.

"Rubuta gargaɗi yanzu," ya ce. "Sauran magana ta jira."

A kan teburinsa na rubuta. Na ce duk wanda ya haɗa Ƙaguwa ta biyu kada ya ɗora ta a kan ai-si mai ƙaramar wuta. Na nuna layin da za a yanke da inda za a ɗaura sabuwar waya. Na ce Malam Nu'uman na Damagaram ne ya gano, ya kuma sanar da ni tun kwana takwas da suka wuce, ni ce na yi shiru, kuma shirun ya kashe kwamfuta tara na 'yan makaranta. A ƙasa na goge 'Yar Fadama na sa Bashira Ja'afar, Haɗejiya. Abdulmannan ya ɗauki reza ya yanke layin a tasa, ya ɗaura waya, ya auna. Ɗaya da ɗigo takwas. Ya ɗauki hoto ya turo min na haɗa da rubutun. Duk wannan bai kalli fuskata ba.

Da na gama na ce, "Ka yi magana mana, don Allah."

Ya ajiye mitar. "Kuskure kowa na yi, Bashira. Ni ma da na kunna siririyar farko kafin in taɓa ta biyu, da ɗaya ce ta mutu ba tara ba. Wannan nawa ne, ba zan ɗora miki ba. Da a zauren nan kin ce min ba ki da tabbas, da na ɗaga aikin mako guda, ba abin da zai faru. Amma na tambaye ki. Na kalle ki na tambaye ki."

"Tsoro na ji. Na ga yadda kake alfahari da ni."

"Ranar Lahadi fa, da Goggo ta je gidanku? Kina wurin?"

"Ina wurin."

Ya gyaɗa kai. Bai tambayi me na ce ba, ya riga ya sani.

"Ba zan faɗa wa Abba ba," ya ce. "Ba kuma zan ce ki faɗa ba. Ki je, Umma na jiran ki."

Na koma gida ba kifi. Umma ta fara faɗa, da ta ga fuskata ta yi shiru.

Bayan la'asar Abba ya dawo daga fadama, ƙafarsa duk laka. Na jira ya wanke, ya zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya, Umma ta ajiye masa fura. Na ɗauko Ƙaguwata na zo na durƙusa a gabansa.

"Abba, ina da magana."

Na faɗa masa duka, tun daga zanen har saƙon shagon tela, har amsar da na ba Abdulmannan a zaure da wadda na ba Goggo a falo. Umma ta dafe ƙirji ta zauna a kan turmi. Abba ya karɓi na'urar yana juya ta a tafin hannunsa.

"Ke kika ƙera wannan?"

"Ni ce, Abba."

"Da a wata rana kika nuna min, da na yi farin ciki." Ya ajiye ta a gefen kwanon furar. "Kina zaune a bakin ƙofa na yanke wa ɗan mutane hukunci. Kin bar ni na yi zalunci da bakina, Bashira."

A nan kukan ya ƙwace min. Bai rarrashe ni ba. Ya ciro wayarsa ya kira Goggo, ya buɗe muryar wayar, ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Ni na tsaya a gaban malamaina na kira yaron nan marar hankali," Goggo ta ce. "Yana durƙushe bai ɗago ba. Yaya, ka turo min ita."

"Ni zan kawo ta da kaina gobe," Abba ya ce. "A gaban malaman da yaran za ta faɗa. Shi ma zan kira shi mu tafi tare, inda aka zubar masa da mutunci a nan za a mayar masa."

Alhamis da safe na shirya cikin baƙar abaya, ban shafa ko hoda ba. Umma ta gyara min mayafi a bakin ƙofa, ta ce a hankali, "Ki faɗi gaskiya ki ɗaga murya, kada ki yi ta ƙunƙuni." Da na fito, Abba ya riga ya fito da tsohuwar motarsa. Abdulmannan na tsaye a gefe, ya sa shuɗin yadi, ya ɗauro laftof ɗin a kwali biyu a bayan babur. Ya durƙusa ya gaida Abba. Ni ya ce min "ina kwana" yana kallon ƙasa.

"Abba, na duba su da kyau," ya ce. "Huɗu a ciki ina sa ran za su tashi in an canja musu wasu kaya. Biyar kam sun tafi."

"Allah ya yi maka albarka," Abba ya ce. "Na yi gaggawar yanke maka hukunci, ka yafe ni. Jiya na kira kawunka Alhaji Usman, na ce su zo ranar da aka tsara tun farko."

Na ɗago na kalle shi. Yana nan a durƙushe, yana murza makullin babur a hannunsa.

"Abba, ba ku yi min laifi ba. Kawu ya faɗa min, na kuma gode." Ya ɗago kai. "Sai dai ina neman alfarma. Ni na roƙe shi ya dakata tukuna."

Abba ya dube shi na ɗan lokaci. Bai tambaye shi dalili ba, bai tambaye shi zuwa yaushe ba.

"Haƙƙinka ne," ya ce. "Sa kayan a mota."

Abdulmannan ya shiga gaba. Ni na shiga baya, kwali ɗaya a gefena, ɗaya a kan cinyata. Muka haye gadar kogi. Sai Abba ya miƙo min hankicinsa ba tare da ya juyo ba, ya ce in share fuskata, in fara shirya abin da zan faɗa wa yaran.